Wata huɗu da kamfanin jinya a gida: abin da suka yi wa Inna, da inda suka gaza

Ranar da aka sallami Inna daga asibiti, mu uku muka ciccibo ta daga mota zuwa ɗaki. Kwana tara ta yi a kwance bayan faɗuwar da ta yi a banɗaki da tsakar dare. Allah ya taƙaita, ƙashi bai karye ba, amma ciwon huhu ya biyo baya, kuma matar da kafin nan take takawa da sandarta ta dawo gida ko zama ba ta iyawa sai an tallafe ta. Shekarunta 82. Tana da hawan jini, tana da suga, ga ciwon gwiwa da ya daɗe yana cin ta. Ni ce babba, ni ce a kusa, amma ina zuwa aiki, kuma ban san komai game da jinya ba ban da miƙa magani da cewa sannu. Shi ya sa muka ɗauki wani kamfani da ke tura ma'aikatan jinya har gida. Yau wata huɗu ke nan muna tare da su.

Tsarin da muka zaɓa shi ne nas za ta riƙa zuwa da safe ta yi awa huɗu, kwana shida a mako, sannan wata ta kwana da Inna daga takwas na dare zuwa shida na safe. Nas ɗin safe, wadda duk gidan muke kira Sista, ita ce dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Masu dare kuwa, zan zo kansu.

Na zaci ranar farko za ta fara da wanka da gyaran gado. Ta shigo, ta rusuna ta gaishe da Inna, ta zauna a gefen gadon daidai inda Inna za ta iya ganin fuskarta, sannan ta juyo gare ni.

"Anti, a kawo mini duk maganin da Mama ke sha. Duka fa, har wanda ba likita ne ya rubuta ba."

Na kwaso na cikin leda, na kwaso na durowa, na ɗauko na ƙarƙashin filo. Da muka juye su a kan tire, iri goma sha ɗaya ne. Sista ba ta ce komai ba tukuna. Ta riƙa ɗaga kowanne tana tambaya: wannan yaushe aka fara, wa ya rubuta, saboda me? Tana jera su daga wanda ya fi daɗewa zuwa sabo. Da ta gama jerin, sai labarin faɗuwar Inna ya fito fili a kan tiren nan. An fara ba ta amlodipine don hawan jini. Maganin yana aiki, amma an san shi da kumbura idon sawu. Da ƙafar ta kumbura, wani likitan daban ya rubuta furosemide, mai sa fitsari. Fitsari ya hana ta barcin dare, sai aka ƙara mata diazepam don ta samu barci. To, ga tsohuwa da magani ya gama kashe wa jiki, mafitsara ta cika, ta tashi cikin duhu tana layi za ta banɗaki. Kowane likita ya yi maganin abin da ya gani a gabansa, ba wanda ya ga tiren gaba ɗaya.

Akwai kuma diclofenac da mu da kanmu muke saya mata don gwiwa, shekara da shekaru, da glibenclamide na suga. Sista ta yi mini bayani cewa ƙodar tsoho da hantarsa ba sa tace magani da saurin da suke yi a da, don haka ƙwayar da matashi zai sha ta fita a yini, a jikin tsoho sai ta kwana ta wuni, gobe a ɗora wata a kanta. Diclofenac yana iya ƙwaƙule ciki, ya taɓa ƙoda, ya kuma ɗaga hawan jinin da ake ta faman saukarwa. Glibenclamide yana iya faɗar da suga ƙasa ya daɗe bai tashi ba, musamman ga wadda ba ta cin abinci sosai. Ta ce akwai jerin magungunan da ake kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, wanda wani likita Ba'amurke mai suna Mark Beers ya fara fitarwa a 1991, ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka kuma tana sabunta shi, har a 2023 ma an sabunta. Uku daga magungunan Inna suna ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta cire ko ƙwaya ɗaya da kanta ba. Ta ce ba huruminta ba ne. Ta rubuta takarda shafi guda zuwa ga likitan Inna, ta jera magungunan da abin da ta lura da shi, ta kuma roƙe ni kada mu yanke diazepam lokaci ɗaya, domin wanda ya daɗe yana shan sa a hankali ake janye masa. Likita ya karanta, ya canza na hawan jini, ya cire furosemide, ya sauya na suga, ya mayar da gwiwa kan farasitamol da man shafawa. Daga goma sha ɗaya muka koma shida.

A ranar farkon nan dai ta auna jinin Inna sau biyu, wanda ban taɓa ganin an yi ba. A kwance 148/84. Muka ɗaga ta, muka riƙe ta a tsaye, Sista na kallon agogo, ta sake aunawa: 118/72. Ta ce idan lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa ta sauka da 10 cikin minti uku da miƙewa, to jini ba ya kai wa kai yadda ya kamata, shi ne jirin da tsofaffi ke cewa yana ɗibarsu idan sun tashi. Tun daga ranar aka kafa doka a ɗakin: Inna ba ta tashi kai tsaye. Ta zauna a bakin gado, ta motsa ƙafafu, a ƙirga har talatin, sannan ta miƙe.

Na biyu a wurinta fata ce. Ta yaye zanin rufa, ta ɗaga dunduniyar Inna ta dama, ta haska da fitilar waya, ta ce in matso. Ni ban ga komai ba. Ta nuna mini wani wuri kamar faɗin babban yatsa da ya fi sauran fatar duhu kaɗan, ta kama hannuna ta ɗora a kai. Da ɗumi, kuma da ɗan tauri, ba kamar ɗaya dunduniyar ba. Ta ce a farar fata ana ganin ja, a danna da yatsa a ga ko zai yi fari ya dawo, amma a fata mai duhu ja ba ya nunawa, sai an haɗa da hannu. Wannan shi ne farkon gyambon kwanciya, kuma daga asibiti muka taho da shi ba mu sani ba. Nauyin jiki ne ke danne ƙananan hanyoyin jini tsakanin ƙashi da katifa, nama ya fara mutuwa daga ciki kafin fata ta fashe. Ta duba ƙashin gindi, kwankwaso biyu, gwiwar hannu, kafaɗa, har bayan kunne. Ta cike wata takarda da suke kira ma'aunin Braden, wanda makinsa ke tashi daga 6 zuwa 23, kuma ƙarancin maki ne yawan haɗari. Inna ta samu 13.

Dokokin da ta bar mana masu sauƙi ne a baki. A juya ta duk bayan awa biyu. A sa filo a ƙarƙashin sha-raɓa, dunduniya ta rataya a iska ba ta taɓa komai. Kada a murza wurin da ya yi duhu, wanda ni da na ɗauka murzawar ce taimako. Kada a ja ta a kan zanin gado, a ɗaga ta. Kada a bar ta cikin lema ko na minti goma. Ta ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gyambon da ya buɗe a dunduniyar mai suga yana iya cin watanni. Dunduniyar nan ba ta taɓa fashewa ba. Cikin mako biyu duhun ya baje.

Sai dai Sista ba ta son juyawar ta zama makoma. Tun kwana na uku ta fara fitar da Inna daga gado, Inna na ƙi, ni ma ina tayata ƙi, domin a ganina mara lafiya hutu yake bukata. Ta ce mini kwanciya ita ce ke cinye tsoho fiye da ciwon da ya kwantar da shi: naman cinya yana zubewa cikin 'yan kwanaki, majina na taruwa a huhu, ciki na ɗaurewa, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Yadda ta shawo kan Inna ya tsaya mini a rai. Ba ta yi mata wa'azi ba. Ta tambaye ta ne kawai: "Mama, in Allah ya ba ki ƙarfi, me kike so ki fara komawa yi?" Inna ta yi shiru, can ta ce tana so ta riƙa zuwa banɗaki da ƙafarta, kada jikokinta su ga ana ɗaukar mata fo. Daga ranar duk motsa jikin ya koma hanyar banɗaki. Tashi daga kujera sau biyar. Taku uku zuwa ƙofa. Taku bakwai zuwa bango.

Kafin a kai ga haka ta bi gidan da ido. Ta sa aka naɗe ƙaramar dardumar bakin ƙofa, aka ɗauke wayar caji da ta gitta hanya, aka sa fitila mai kwana a kunne, aka kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki da kujerar wanka, aka jefar da silifas ɗin da Inna ke ja, aka sayo takalmi mai kama dunduniya. Robar ƙasan sandarta ma ashe ta cinye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke rasuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Da na ga wannan adadi ban yi mamaki ba, domin na ga yadda tsoron sake faɗuwa kaɗai ya kusa ɗaure Inna a gado.

Yanzu ga inda kamfanin ya ba ni haushi.

Lokacin da muka je ofishinsu, an ce mana "ma'aikatanmu" za su kula da Inna dare da rana, ni kuma na ɗauka duka nas-nas ne. Sai daga baya na gane masu kwana ba nas ba ne, masu taimako ne da aka yi wa ɗan gajeren horo. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, da yawan aikin dare ba ya buƙatar nas. Laifin shi ne ba a faɗa mana a fili ba. Kuma cikin mako shida na farko mutum huɗu aka canza mana. Tsohuwa mai raunin ji da gani, ta farka cikin dare ta ga baƙuwar fuska a kanta, me ake so ta yi? Ta biyu a cikinsu tana da kirki ƙwarai, har yanzu Inna na tambayarta. Ta uku ce matsala. Ta riƙa saka wa Inna famfas tun ƙarfe tara don kada a tashe ta, alhali Inna na jin fitsari kuma tana iya faɗa. Tana yi mata magana da ƙarfi kamar mai yi wa ƙaramin yaro tsawa. Wani dare na kasa barci na leƙa ɗakin wajen ƙarfe ɗaya, na tarar tana barci, na duba takardar juyawa da ke rataye a bango: an riga an cike ta har ƙarfe biyar na asuba, kowane layi da sa hannu. Da safe Sista ta tarar da fatar ƙashin gindi ta saɓule kamar faɗin farce.

Na kira layin da suka ce yana aiki dare da rana, ba a ɗauka ba. Na kira da safe, aka ba ni haƙuri, aka ce za a duba. Kwana goma aka yi kafin a turo wata, kuma a kwanakin nan ni da ƙanwata muka riƙa tashi muna juya Inna da kanmu. Na kuma lura cewa babu wata miƙa aiki tsakanin mai dare da nas ɗin safe. Ɗaya na tafiya ƙarfe shida, ɗaya na zuwa takwas, ba sa haɗuwa, ba sa waya. Littafin da yanzu kowa ke rubutu a ciki, abin da aka ci, ruwan da aka sha, fitsari, bayan gida, yadda aka kwana, Sista ce ta ce in sayo, ba tsarin kamfanin ba ne.

Littafin nan shi ya cece mu a mako na bakwai. Na dawo daga aiki wata Laraba na tarar Inna tana tsintar zanin gado da yatsu kamar mai tsince wani abu. Ta kalle ni ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Ta ce a kori mutanen da ke tsaye bayan labule. Da daddare ta ƙi kwanciya, da safe kuma ta koma shiru, ido a lumshe. Jikinta ba zafi. Na zauna a falo na yi kuka, don na gama yanke cewa ciwon mantuwa ne ya kama ta, irin wanda ba a warkewa.

Sista na shigowa ta tambaye ni: "Anti, ranar Litinin lafiya lau take, ko?" Na ce lafiya lau. Ta ce to ciwon mantuwa ba ya zuwa a kwana biyu, watanni da shekaru yake ɗauka yana shigowa. Ruɗewar da ta faɗo farat ɗaya, tana tashi tana sauka cikin yini, alama ce cewa wani abu na damun jiki, kuma a nemo shi yau. Ta buɗe littafi. Kwana huɗu babu bayan gida. Ruwa kofi biyu, kofi uku a yini. Fitsari kaɗan kaɗan. Ta taɓa marar Inna, ta kama hannuna ta sa a wurin: a cike, tauri kamar ƙwallo. Ta auna suga don ta tabbatar bai faɗi ƙasa da 70 ba, ta sa Inna ta yi murmushi, ta ɗaga hannu biyu, ta maimaita magana, don kada ya zama shanyewar ɓarin jiki ce. Sannan ta yi tambayarta ta kullum: akwai sabon magani? Akwai. Ƙanena ya kawo mata na mura ranar Lahadi, mai chlorpheniramine a ciki, ba wanda ya rubuta a littafi don a ganinmu ba magani ba ne na kirki. Irinsa yana busar da baki, ya ɗaure ciki, ya hana mafitsara sakin fitsari, ya kuma rikita ƙwaƙwalwar tsoho.

Ba ta tsaya gwada dabara a gida ba. Ta ce mu tafi asibiti yanzu, ta shiga motar tare da mu duk da lokacinta ya kusa ƙarewa, ta yi wa likita bayani cikin minti biyu. Aka sa roba aka zuƙe fitsarin, aka yi gwaji aka ga ƙwayoyin cuta a ciki, aka ba da magani, aka warware cikin. A hanya ta gaya mini kada in ƙara dogara da zafin jiki, domin tsoho na iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, sai dai ya daina ci, ko ya faɗi, ko ya ruɗe. Kwana biyar bayan nan Inna ta kira ni da sunana, ta tambaye ni dalilin da ya sa idona ya faɗa.

Daga nan maganar ruwa ta zama babba a gidan. Ashe ƙishirwa ma tana tsufa, tsoho na iya bushewa bai ji yana son sha ba, ita kuma Inna da gangan take rage sha don gudun fitsari. Sista ta hana mu tambayarta ko za ta sha, don amsar kullum a'a ce. Sai dai a miƙa mata rabin kofi duk bayan awa guda, a fi yawaitawa da rana a rage da yamma. Ci kuma a zaune sosai, ba a kishingiɗe ba, loma ƙanana, a bar ta a zaune rabin awa bayan ta gama, don kada ta ƙware abinci ya bi hanyar huhu. Wanke baki sau biyu a rana, har harshe da dasashi, da haƙoran robarta a cire da dare. Ƙafa kuma kullum sai an duba tsakanin yatsu saboda suga.

Wani ƙaramin abu da bai kamata in manta ba. Mun daɗe muna cewa Inna ta daina son hira, ta zama mai yawan shiru. Sista ta leƙa kunnenta ta ga datti ya toshe duka biyun. Aka ɗiga magani, aka wanke a asibiti, sai ga Inna tana sa baki a maganar da ake yi a ɗaya ɗakin. Ba duka shirun ya tafi ba. Tun rasuwar Baba akwai wani nauyi a zuciyarta, kuma Sista ta rubuta wa likita wannan ma, ta ce damuwa ciwo ce da ake magani, ba halin tsufa ba ne. A nan kam kamfanin ba shi da abin bayarwa: ba su da mai gashin ƙashi, ba su da wanda ya san harkar ƙwaƙwalwa, duk sai da muka nema a waje.

Ga wanda ke tunanin ɗaukar irinsu, ni zan sake ɗauka, amma ba da ido rufe ba. Zan nemi a nuna mini takardar shaidar duk wanda zai shigo ɗakin, in san wace ce nas wace ce mai taimako. Zan sa a rubuta cewa ba za a canza mai dare ba sai an sanar da ni, kuma sabuwa sai ta zo ta ga Inna da rana tukuna. Zan kira layin gaggawarsu da ƙarfe biyu na dare kafin in sa hannu a komai. Zan kuma zauna a gida ranar farko in ga da me nas ɗin za ta fara. In ba ta nemi ledar magani ba, ba ta ɗaga dunduniya ba, ba ta yi wa tsohuwar magana kai tsaye ba sai ta kaina, zan ce a turo wata.

Akwai gwajin da Sista ke yi duk ranar Asabar. Inna ta zauna a kujera, a ce tashi, ta taka mita uku zuwa wani layi da aka manna a ƙasa, ta juyo, ta dawo ta zauna, ana riƙe da agogo. Wanda ya kai daƙiƙa 12 ko fiye ana lissafa shi cikin masu haɗarin faɗuwa. Karon farko da Inna ta iya yi, daƙiƙa 34 ta ɗauka, ina riƙe da ƙugunta. Asabar ɗin da ta wuce ta yi a 17, da sandarta kawai. Ba ta fita daga haɗari ba, fitilar dare na nan a kunne, kuma mai kwana tana nan, ta biyar, wadda ta kai wata biyu yanzu. Zuwan Sista mun rage shi zuwa sau uku a mako bisa shawararta. Layin dare kuwa na sake gwada shi shekaranjiya, ya yi ta ƙara har ya katse.